Sabar gwaji ta nuna mega 3, kamfani ya ce 20: wa ke da gaskiya?

Tambaya: Ina da ɗan shagon kwamfuta a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura a Jigawa. Muna buga takardu, muna yi wa yara rajistar jarrabawa, akwai POS, da yamma kuma ina sayar wa matasa tikitin waifai. Rautar 4G nake amfani da ita, da eriya a kan rufi, na haɗa ta da ƙaramar MikroTik, wato na'urar da ke raba layi da tikiti. Tsarin da na saya an ce mini mega 20 ne. Wani abokina ya nuna mini yadda ake gwaji da sabar jama'a ta kyauta da ke Turai, amma yau in ga 3, gobe in ga 17, wani lokacin ma ta ƙi karɓata gaba ɗaya. Speedtest kuma a wayata ya nuna 18. Kamfanin ne ke cuta ta, ko kayana ne ba su da kyau?

Amsa: Malam, Allah ya sa wa nema albarka. Da waɗannan lambobi da ka kawo, ba ka isa ka kama kowa da laifi ba tukuna, ko kamfani ko kayanka. Mega 3 ɗin, da 17 ɗin, da 18 ɗin, duk za su iya zama gaskiya a kan layi ɗaya kuma a rana ɗaya. Lambar da gwaji ke nuna maka tana faɗin abin da ya iya wucewa ta wuri mafi ƙunci tsakanin na'urar da ke hannunka da sabar da ka zaɓa, cikin 'yan daƙiƙun da gwajin ya ɗauka. Wurin nan mai ƙunci yana iya zama cikin shagonka, ko a ƙarfen sabis, ko a hanyar Legas, ko a ƙarƙashin teku, ko a jikin ita sabar da kake gwadawa da ita.

Tunda kai mutumin Taura ne, ka san aikin fadama. Injin ban ruwa mai bakin inci uku, idan aka jona masa tiyo inci biyu a tsakiya, ruwan inci biyu zai fito a ƙarshe. Wanda ya tara bokiti a bakin tiyo ya ƙirga lokaci ya san yawan ruwan da ya iso gona, amma bokitin ba zai gaya masa ko injin ne ya gaji, ko tiyon ne ya lanƙwashe, ko rijiyar ce ta ja baya ba. Gwajinka a yanzu bokitin nan ne.

Mu fara da ita sabar, don a nan mutane suka fi ruɗewa. Sabar gwaji ta jama'a kwamfuta ce da wani kamfani, ko jami'a, ko wani mai son taimako ya ajiye a cibiyar bayanai, ya buɗe ta ga duk wanda ke son gwada layinsa. Ita ma tana da nata layin, kuma layin yana da iyaka. A ce gigabit 1 gare ta, wato mega 1,000. A wurinka wannan kogi ne. Amma ka tuna su waye abokan layinka: mutanen da ke da fayiba har cikin ɗaki a Jamus ko Holan, waɗanda kowannensu zai iya jan mega 500 shi kaɗai. Biyu daga cikinsu suka danna gwaji lokaci guda da kai, kogin ya ƙafe, kai da ka fi kowa nisa sai ka samu ɗigo. Kuma agogonmu ɗaya ne da na tsakiyar Turai a lokacin sanyinsu, da zafinsu kuma sun riga mu da awa ɗaya kacal. Wato lokacin da ka rufe shago ka zauna yin gwaji bayan isha'i, su ma sun dawo gida sun zauna gaban kwamfuta. Kamar famfon burtsatse ne na tsakiyar gari: wanda ya je da sassafe ya cika jarkarsa cikin minti biyu, wanda ya tarar da 'yan garuwa sun jera kura kuwa sai ya jira.

Ƙin karɓarka da take yi ma ba daga wajenka ba ne. Idan iperf3 abokin naka ya nuna maka, manhajar gwajin gudu da ma'aikatan cibiyar ESnet a Amurka ke kula da ita, to haka aka gina ta: kowace ƙofa tana ɗaukar gwaji ɗaya ne a lokaci guda. Ƙofarta ta asali ita ce 5201, kuma idan wani ya riga ka shiga sai ta ce maka tana cikin wani gwajin, ka sake gwadawa anjima. Shi ya sa masu sabar jama'a kan buɗe ƙofofi da dama a jere, 5201, 5202, har gaba, don idan wannan a cike take ka ƙwanƙwasa ta gaba. Idan kuma gwajin da ke cikin MikroTik ne kake yi, wanda ke shiga ta ƙofa ta 2000, masu ajiye irin waɗannan sabobi sukan sa iyakar lokaci da iyakar gudu, su kuma toshe wanda ya cika zarya. To idan sabar da kanta ta ce ba za ta ba kowa fiye da kaza ba, ko layinka na mega 100 ne, kaza ɗin za ka gani.

Sai nisa, wanda a ganina shi ne ya haifi mega 3 ɗinka. Bi hanyar da idonka. Saƙo ya tashi daga eriyar rufinka zuwa ƙarfen sabis. Daga nan ya bi fayiba, ko kuma, kamar yadda aka fi samu a ƙauyuka, ya yi tsalle daga wannan ƙarfe zuwa wancan ta farantan da kake gani manne a jikinsu, har ya isa inda fayiba take. Ya gangara kudu zuwa Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Kano, don a can manyan igiyoyin ƙarƙashin teku suke sauka: MainOne da Glo-1 tun 2010, WACS da ACE a 2012, sai Equiano ta Google da ta iso a 2022. MainOne kaɗai kilomita 7,000 ce daga Legas zuwa Fotugal. Haske a cikin fayiba yana cin kusan kilomita 200,000 a sakan guda, saboda haka kowane kilomita 100 yana ƙara milisakan 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, a zuwa da dawowa. Kano zuwa Legas milisakan 10 ke nan ko da komai lafiya lau yake, Legas zuwa Fotugal 70, ka ƙara na cikin Turai, ka ƙara 20 zuwa 40 da shi kansa 4G ke ci, ka ƙara kwana-kwanar hanya. Kafin ka ankara ka kai 150. Wannan babu kamfanin da zai cire maka shi, tsarin halitta ne.

Za ka ce to mene ne milisakan 150, ai ko ƙiftawar ido ce. Matsalar tana cikin yadda ake aika kaya a intanet. Ƙa'idar da ake kira TCP, wadda kusan duk abin da kake saukewa ke bi, tana aiki kamar ɗan kasuwa mai taka tsantsan. Zai ɗora buhuna a mota ya tura, ba zai ƙara ɗora wasu masu yawa ba sai an bugo masa waya an ce na farko sun sauka lafiya. Idan Dawanau yake kai kaya, labari na dawowa da wuri, sai ya yi sawu da yawa a yini. Idan Legas ce, da mota ɗaya, sawun da zai yi kaɗan ne, ba don titin ba shi da faɗi ba. Sannan idan aka ce masa buhu ɗaya ya ɓace a hanya, sai ya tsorata ya rage lodi, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kuma kowane ƙari sai ya jira labari ya je ya dawo. Akwai tsohon lissafi da injiniyoyi ke amfani da shi wajen ƙiyasta wannan. Idan ƙunshin bayanai, wato buhu, 1 cikin 1,000 na ɓacewa, jinkirin kuma milisakan 150 ne, haɗi guda ɗaya ba zai wuce kusan mega 3 ba. A kan layin nan dai, da ɓacewar nan dai, idan jinkirin 40 ne, zai haura mega 11. Sababbin kwamfutoci sun ɗan fi haka dabara, amma siffar abin ba ta canza ba. Ka ga ke nan 3 ɗinka ba ta buƙatar wani ya cuce ka kafin ta bayyana.

Kuma iperf3, idan ba ka ce masa komai ba, mota ɗaya yake turawa, na sakan 10, sannan daga wajenka zuwa sabar yake tura ta. Wannan na ƙarshen ya kayar da mutane da yawa. Wato ɗorawa yake aunawa, ba saukewa ba, alhali a 4G ɗorawa kusan kullum ta fi saukewa rauni, musamman ga wanda ke nesa da ƙarfe, don ƙarfen yana da ƙarfin yi maka ihu, rautarka kuwa muryarta ƙarama ce. Idan saukewa kake son gani sai ka ƙara -R a ƙarshen umarnin. Idan kana son motoci huɗu su tashi tare sai ka ƙara -P 4. Ina kyautata zaton da waɗannan biyun kaɗai za ka ga lambar ta tashi.

Hanyar tekun ma tana da nata ranakun. A ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka samu matsala a tekun da ke gaɓar Kodebuwa, intanet ta yi ta rarrafe a Najeriya har bankuna suka ji a jikinsu. Duk wanda ya yi gwaji da sabar Turai a makon nan ya ga abin takaici, kuma eriyarsa ba ta yi laifin komai ba.

To ita 18 ta Speedtest fa? Kada ka ɗauke ta a matsayin alƙali ita ma. Speedtest, wanda kamfanin Ookla ya fara a 2006, yana zaɓar maka sabar da ta fi saurin amsawa cikin na kusa da kai, yana buɗe haɗi da yawa lokaci guda don ya cika layin maƙil, kuma da yawa daga sabobinsa kamfanonin sadarwa ne da kansu ke ajiye su a cikin gidansu. Idan ya zaɓi sabar kamfanin da kake amfani da shi, abin da ya auna shi ne daga shagonka zuwa tsakar gidansu, bai ko leƙa ƙofar waje ba. Hakan ba ha'inci ba ne, amsar wata tambaya ce daban: ya lafiyar hanyata zuwa kamfani? Fast.com na Netflix, da ya fito a 2016, yana aunawa ne zuwa inda Netflix ke ajiye finafinansa. Wanda ke fitowa idan ka nemi gwajin gudu a shafin binciken Google kuwa na M-Lab ne, haɗi ɗaya yake amfani da shi, don haka lambarsa takan zo ƙasa da ta sauran. Mudu uku ne daban-daban, kuma duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwanni biyu ya san tiya ba ɗaya ba ce ko'ina. Amma akwai abin da zai kwantar maka da hankali. Mafi yawan abin da matasan da ke sayen tikitinka suke kallo, YouTube da Facebook da makamantansu, ba daga Turai yake tahowa ba, waɗannan kamfanoni suna da rumbuna a cikin Najeriya. Saboda haka gwajin sabar Legas ko Abuja ya fi kusa da abin da kwastomanka ke ji fiye da na Farankfot ta Jamus.

Wani tarkon kuma yana cikin ƙaramar MikroTik ɗin. Idan a cikinta kake danna gwajin, to ita ce ke ƙirƙirar kayan gwajin da kanta, ga kuma aikin tikiti da rabon layi da ke kanta. Ƙananan nan ƙwaƙwalwarsu ba ta da yawa. Su kansu masu ƙera ta, kamfanin ƙasar Latbiya, sun yi gargaɗin cewa gwajin yana cin ƙarfin na'ura sosai, kuma shawararsu ita ce a yi gwajin ya ratsa ta cikin rauta, kada a yi shi a kanta. Lokacin da gwajin ke tafiya ka buɗe wurin da ke nuna nauyin da ke kan ƙwaƙwalwar. Idan ka gan shi a 100, ƙarfin rautarka ka auna. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ga yadda nake yi idan aka kira ni irin wannan aiki, kuma ba ya buƙatar komai sai laftof biyu da haƙuri.

Ina fara korar kowa daga layi. A kashe waifai gaba ɗaya, har wayarka da ta yaron shago, don waya ɗaya da ke tura bidiyoyin biki zuwa ma'ajiyar Google a ɓoye, ko kwamfuta ɗaya da Windows ke sabunta kanta, ta isa ta ɓata lissafi. Sai in jona laftof da kebul, ba da waifai ba. Waifai a shagon da ke da rufin kwano da ƙofar ƙarfe, ga wayoyi ashirin a waje, shi kansa wani ciwon ne, kuma ba shi muke bincike ba yanzu.

Kafin in taɓa intanet sai na gwada cikin gida. Laftof ɗaya ta zama sabar, ka rubuta mata iperf3 -s, ɗayar kuma ta kira ta da iperf3 -c da adireshinta. Wannan ba ya cin data ko ta sisi, kuma sabar taka ce kai kaɗai, babu mai yi maka layi. Idan ƙofofin rautarka na mega 100 ne ya kamata ka ga kusan 94. Na taɓa zuwa wata makaranta a wani ƙauye ta wajen Gezawa, sun shafe makonni suna faɗa da masu ba su intanet, wai ba sa samun ko rabin abin da suka biya. Da na gwada da safe 9.4, da rana 9.4, da dare 9.4. Da ganin haka na san ba daga waje ba ne, don cunkoso ba ya tsayawa a lamba ɗaya kamar an dasa shi. Muka bi kebul ɗin da ya sauko daga rufi, ashe ɓera ya ɗan ci shi a cikin silin, na'urorin biyu suka koma magana da juna a mega 10. Kebul na 'yan mitoci ya raba gardamar. Tun daga nan nake gaya wa yarana na aiki: lambar da ta kafe wuri guda iyaka ce da aka sa, ko a kayanka, ko a tsarin da ka saya, ko a sabar, lambar da ke hawa da sauka kuwa rububi ne. Taka tana yawo tsakanin 3 da 17, don haka rububi nake zargi, saura a gano ko a ina ake yin sa.

Daga nan sai sigina. Kada ka yarda da sandunan da ke jikin rauta, ka shiga shafinta ka nemi lambobi biyu, RSRP da SINR. Ta farko ƙarfin sigina ce, da alamar ragi take zuwa: kusan -90 ko abin da ya fi shi kyau lafiya ne, idan ta gangara -110 ka yi nisa. Ta biyu tsabtar siginar ce, idan ta haura 13 madalla, idan tana kusa da sifili hayaniya ta yi yawa. Ka hau rufi ka juya eriyar kaɗan-kaɗan wani na karanto maka su daga ƙasa. Iskar farkon damina kan juya eriya ba tare da mai ita ya sani ba.

Sai yanzu za a fita waje, kuma sabobi biyu za ka riƙe kada ka canza su: ɗaya a cikin Najeriya, ɗaya waccan ta Turai. Kada ka bar manhaja ta zaɓa maka, don yau ta kai ka Abuja gobe Legas, ka rasa abin kwatantawa. Ka yi gwaji sau uku a yini, bayan asuba, da azahar, da bayan isha'i, har kwana bakwai, ka rubuta a littafi: rana, lokaci, sabar, saukewa, ɗorawa, jinkiri. Lallai Lahadi ta shiga ciki. Idan ƙarfen da kake kamawa yana ɗaukar mutanen kasuwar Gujungu, ranar nan dubban wayoyi ne a kansa, ga masu POS, ga dillalan dabbobi suna tura hotuna kudu. Ƙarfen sabis akushi ɗaya ne ga duk wanda ke ƙarƙashinsa.

Karatun littafin ba wuya. Idan da asuba sabobin biyu suna ba ka 17 ko 18, da dare kuma duka biyun suka faɗi tare, ƙarfen sabis ne ya cika ko hanyar da ta fita daga gare shi, kuma wannan hurumin kamfani ne. Idan ta gida tana nan daram safe da dare, ta Turai ce kawai ke rawa, to ka bar zancen, nisa ne ko cunkoson sabar. Ka gwada wata sabar Turai ta biyu a take, idan ita ta ba ka lamba mai kyau ka kama ɓarawonka. Idan ko da asuba ba ka wuce 4 ko 5 zuwa ko'ina, koma kan sigina da kebul, ko ka duba ko ka cinye kason da bayansa kamfani ke rage gudu, don tsare-tsare da yawa da ake kira marasa iyaka suna da wannan sharaɗi a ƙananan rubutu.

Ka yi hattara da data, gwaji ba kyauta yake ba ko da sabar kyauta ce. Mega 20 ɗin da ake faɗa megabit ne a sakan, data kuwa da megabait ake sayar da ita, kuma bit 8 ne ke yin bait 1. Wato mega 20 na nufin MB 2.5 duk sakan. Gwajin sakan 10 ya ci MB 25, ka haɗa da na ɗorawa. Sau uku a yini a sabobi biyu na mako guda zai iya lashe fiye da giga 1, sai ka sa shi cikin kuɗin gyara. Wanda ya fi haɗari shi ne na cikin MikroTik, don idan ba ka sa masa wa'adi ba ba ya tsayawa sai ka tsayar da shi. Ka danna, kwastoma ya shigo, ka manta: awa ɗaya a mega 20 giga 9 ce ta tafi. Tun bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da shi a Janairun 2025, wannan ba asarar da za a yi wa dariya ba ce.

Yanzu bari in faɗa maka abin da nake ganin ya fi damun shagonka, ko da ba shi ka tambaya ba. POS ba ya buƙatar ko mega 1. Shafin rajistar jarrabawa ma ba wani gudu yake nema ba. Abin da ke sa su tsaya suna juyi shi ne jinkiri a lokacin da layi ya cika. YouTube da kansa ya ce bidiyo mai ingancin 480 yana son kusan mega 1.1, mai 720 kuma 2.5. Samari goma sha biyar a 480 sun cinye 16.5, a 720 kuwa mutum takwas sun share mega 20 tas. Da zarar layi ya cika, ƙunshin bayanai sai su yi jerin gwano a cikin rauta, ɗan saƙon POS ɗinka ya bi bayan bidiyon kowa. Gwada wannan da kanka: buɗe baƙin allon umarni a laftof, rubuta ping 8.8.8.8 -t, ka bar shi yana tafiya, sannan ka tayar da gwajin gudu. Idan jinkirin ya tashi daga milisakan 50 zuwa 600 ko fiye, ga ciwonka nan. Fast.com ma yana nuna lambobin biyu, na layi a sake da na layi a cike, idan ka danna ƙarin bayani. Maganinsa a hannunka yake. Ka ɗauki lambar da littafinka ya nuna kana samu da dare, ba 20 ta takarda ba, ka sa wa MikroTik iyaka kaɗan ƙasa da ita, ka yanka wa kowane tikiti kamar mega 1, ka ware wa kwamfutar aiki da POS nasu kason da ba mai taɓawa. Idan manhajar RouterOS 7 ce a kan MikroTik ɗin, akwai tsarin jeri da ake kira CAKE da aka yi musamman don wannan, ko da yake a 4G da gudunsa ke canzawa sai ka riƙa sa ido kana gyarawa.

Game da kamfani, ka sake karanta abin da suka sayar maka. Kusan tabbas cewa suka yi "har zuwa" mega 20, kuma layin haɗaka ne. Layin da ake ware wa mutum shi kaɗai, a ba shi tabbacin gudu a rubuce, wani tsari ne daban, kuɗinsa kuma ya ninka wannan nesa ba kusa ba. Wannan ba ya nufin ka yi shiru idan abin ya yi muni. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin aƙalla mega 10 a karkara, 25 a birane. Buri ne na gwamnati, ba alkawari ne tsakaninka da kamfani ba, amma ma'auni ne da za ka iya ambata. Idan littafinka ya nuna dare bakwai a jere kana ƙasa da mega 3 zuwa sabar cikin gida, da kebul, ba kowa a layi, sigina kuma lafiya, to ka kira 300 ka shigar da ƙorafi, ka karɓi lambar ƙorafin ka adana. Idan ba su yi komai ba sai ka kira NCC a 622 da lambar nan. Sakamakon sabar Turai kada ma ka kai musu, za su ce ba hurumin su ba ne, kuma gaskiyarsu. Kafin nan ka ari layin wani kamfanin ka saka a rautar na dare biyu, in tana karɓa. A ƙauye sau da yawa ƙarfen wannan a cike yake, na wancan kuma yana hutawa, bambancin ya fi duk wani saiti da za ka yi.

Ita kuma sabar jama'ar, wani ne ke biyan kuɗin wutarta da layinta daga aljihunsa, kamar wanda ya haƙa rijiya a bakin hanya. Sakan 10 ya isa gwaji, 20 in ta yi yawa. Kada ka sa ta a jadawalin da zai riƙa kiranta duk bayan minti biyar, kada ka buɗe haɗi hamsin, kuma idan za ka gwada da UDP, wata ƙa'idar aika kaya daban da TCP, ka sa iyakar gudu kusa da abin da layinka ke ɗauka, kamar -u -b 15M, don ita UDP ba ta rage lodi idan hanya ta cika, turawa kawai take yi. Akwai dalilin da ya shafe ka kai tsaye: a layin wayar salula ba kai kaɗai ke da adireshin da duniya ke ganinka da shi ba, kamfani na haɗa mutane da yawa a bayan adireshi guda. Idan mai sabar ya gaji ya toshe shi, ya toshe ka tare da wasu da ba ka sani ba, kuma mai yiwuwa wani ne can ya jawo maka wasu daga cikin ranakun da ta ƙi karɓarka. Idan mako ya cika, turo mini shafin littafin tare da RSRP da SINR na safe da na dare, mu duba tare.